Sawun Kiyashi a Bayan Kwamfuta

Ranar da kwamfutar shagon Hajiya ta sake ƙonewa, kafin hayaƙin ya gama fita ta taga an riga an yanke wa 'yata hukunci.

Auta ta shigo gida da yamma mayafinta a hannu, idonta ya kaɗa ya yi ja, ta zauna a bakin tabarmata. Ita ce ƙaramar 'yata. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da 'ya'yanta biyu, ni ma a inuwarta nake zaune, kuma duk da aikin shagon nan ne, inda take buga wa mutane takardu da katuna da hotuna. Sai da na sa ta sha ruwa sannan ta ba ni labari. Ta ce a cikin kwamfutar akwai wani ɗan akwati na ƙarfe da ke karɓar wutar lantarki ya raba wa sauran kayan, shi ne yake ta mutuwa. A saya sabo a saka, ba ya daɗewa sai a ji fat, ƙauri ya cika ɗaki. Yau na huɗu ya tafi. Kuma kullum da rana ne, kullum tana zaune a gaban na'urar.

Mijin Hajiya, wanda duk layin ke kira Manaja ko da yake ba abin da yake gudanarwa sai kujerar bakin ƙofa, ya rantse ya ga Auta da idonsa tana miƙa wa mai gyara wani abu a ƙunshe. Ya ce cire sabon suke yi su sayar, su maida tsoho. Hajiya ta tsaya a ƙofar shago, a gaban masu shagunan layin gaba ɗaya, ta kira 'yata ɓarauniya. Ta garƙame ɗakin kwamfutar da kwaɗo, ta ce in mako ya ƙare gaskiya ba ta fito ba, 'yan sanda za su fito da ita.

Na ce da Auta ta miƙo min takalmana ta ajiye su kusa, da sassafe zan fita.

"Baba, wannan fa ba saniya ba ce," in ji ta. "Ko kunna ta ba ka iya ba."

Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban gaishe shi ba. Amma ni ne mutumin da ake tasowa daga gari mai nisa a zo a ɗauka in an kore garke. Na bi sawun shanu a kan fako inda ko akuya ba ta barin alama. Ɓarayi sun harbe ni a cinya, har yau dalmar tana ciki, tana gaya min hadari kafin ya haɗu. Maciji ya sare ni, shi ya mutu ni na tashi. Duk waɗanda muka yi dajin da su na raka su makwanci ɗaya bayan ɗaya, ga ni ina cin abinci da haƙorana. Ban san na'ura ba, amma duk abin da ya yi ɓarna sai da ya taka ƙasa kafin ya iso, kuma ƙasa ba ta taɓa ɓoye min komai ba.

*

Layin shagunan dogo ne, rufinsu ɗaya, kwata a gabansu. Tun daga bakin titi na ga kawuna na leƙowa. Tela ya dakatar da kekensa, mai sayar da katin waya ya taɓa na kusa da shi. Mutanen da Auta ke rubuta wa takardar neman aiki kyauta, su ne yau suke nuna ni da baki suna cewa ga uban ɓarauniyar nan. Na tofar da yawu a kwata na wuce.

Manaja na kan kujerarsa a bakin ƙofa, ƙato, fari, sandarsa a jingine a cinya. Shekarun baya ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ya warke amma ƙafar tana ja, hannun kuma sai dai ado. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko roƙo na zo yi. Na ce masa ban taɓa roƙon mutum a zaune ba, balle a tsaye.

Hajiya ta fito daga ciki. Mace ce mai kaifi, amma ba ta da rashin kunya ga babba. Ta gaishe ni, ta kira ni Baba, ta ce ita ma ba da son ranta ba ne, aikin mutane ya taru, masu katin biki suna zaginta, kuma mijinta ba zai yi mata ƙarya ba. Na roƙi abu ɗaya: ta bar ɗakin a kulle yadda yake, ta bar ni in zagaya in yi tambaya, in na dawo ta buɗe min ni kaɗai. Manaja ya ce wasan yara ne wannan, a ba shi makulli ya shiga ya share ɗakin kafin hukuma ta zo. Hajiya ta ce makulli na jakarta kuma a nan zai kwana.

Na lura da wannan. Mutumin da ko tsinke ba ya ɗagawa yana neman tsintsiya.

*

Na fara da mai gyara, wanda suke kira Injiniya. Shagonsa na can bayan tasha, cike da gawarwakin na'urori har rufi. Saurayi ne siriri mai gilashi, ya rame saboda maganar, don shi ma sunansa na cikin ƙunshin. Na zo da niyyar in tsane shi, sai na tarar da yaro mai hankali.

Ya jero min ƙonannun akwatunan a kan tebur, bai jefar da ko ɗaya ba. Ya ce da sayar da sababbi yake yi, da ba zai ajiye shaida a kansa ba, kuma kowanne yana ɗauke da alamar da Hajiya ta yi masa da jan fenti ranar da ta saya. Abin da Auta ta miƙa masa a ƙunshe kuwa rediyon ɗanta ne da ya lalace, ga shi can a kan kanta.

Ya ba ni labarin wahalar da ya sha. Ya auna wutar shagon, lafiya. Ya canja soket, ya canja waya, ya sa Hajiya ta sayi na'urar daidaita wuta. Ya canja wurin sayen akwatin ko jabu ake ba shi. In an kawo masa kwamfutar ya saka sabo, sai ta wuni tana aiki a teburinsa ko tari ba ta yi. A maida ita shago, a kwana kaɗan, ta mutu.

"Zafi ne ke kashe su, Baba," in ji shi. "Dubi fankar nan ta baya. Ta nan yake numfashi. In iska ba ta fita, dafuwa yake yi a ciki. Na faɗa musu tun a na biyu, a gaban Hajiya da Manaja. Na je na duba, tsakanin bayan kwamfutar da bango akwai tazarar tafin hannu, ta isa. To me ke toshe ta?"

Na ɗauki ɗaya na juya. A kan ragar da ke rufe fankar, ta waje, akwai wani baƙin abu da ya narke ya manne. Na kankare da farce. Injiniya ya ce ya ɗauka ragowar ledar da ake naɗo su ne daga kanti. Na tambaye shi ledar kanti wace kala ce, ya ce fara. Na kai farcen hancina, sannan na ɗora a harshe. Yaron ya yamutsa fuska ya kau da kai.

Maiƙo ne. Kitsen dabba, da gishiri. Na duba sauran, duk haka.

Na tambaye shi wa ke fito da kwamfutar daga ƙarƙashin tebur in ta ƙone. Ya ce shi dai a bakin shago yake tarar da ita ko a kawo masa a babur. Auta ta gaya masa Manaja kan kori kowa daga ɗakin saboda hayaƙi, ya ce mata ba sa jure ƙauri, sai ya kashe wuta ya buɗe taga sannan a shiga.

*

Rabin layin sun ce Maiwalda ne ke ƙona kwamfutar. Shagonsa na manne da na Hajiya, kuma kowa ya san injin walda in ya ja wuta har ƙwan fitila sai ya lumshe ido. Na same shi tsugune yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya nuna min janaretansa da ke ruri a gefe. Ya ce tun bara Hajiya ta kai ƙararsa wurin mai gidan, aka yanke masa waya, ko cajin wayarsa ba ya yi da wutar layin. Na bi wayar da ido har inda aka datse ta, an naɗe bakin da roba, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Ba shi ba ne.

Amma mutumin bai sake ba. Yana magana yana kallon ƙofar Hajiya. Da ya buɗe baki na ga dasashi zalla, sai haƙora biyu a gaba kamar na zomo. Ya ce ƙarfe ne ya tsinke ya kwashe masa su, shekara da shekaru ke nan abincinsa shayi da burodi da abin da aka dama.

Muna cikin haka rana ta take, matar da ke suyar nama a bakin kwata ta ɗaga murya daga wurin kaskonta.

"Maiwalda, yau ma ba ka so? Na ware maka mai kitsen, kar ya ƙare ka zo kana min magiya."

Ya ce mata ba ya so, ya saukar da gilashinsa da sauri ya kunna wuta, tartsatsi ya tashi tsakanina da shi. Na tsaya na ƙare wa bakin nan kallo, na ƙare wa kaskon kallo, na yi gaba.

*

Inna mai shara na samu a bayan shaguna tana wanke tsumma. An ce ita ma ana zarginta, wai ruwan goge ɗaki ne ke shiga na'urar. Ta rantse da kabarin uwarta tun ƙonewar farko Manaja ya hana ta kusantar teburin, ko tsintsiya ba ta zurawa ƙarƙashi. Daɗi ya kama ni, don ƙurar da ba a share ba ita ce takardar da na iya karantawa.

Sai tsohuwar ta matso ta rage murya. Ba ta gane ni ba, ta ɗauka Hajiya ce ta ɗauko ni. Ta ce in ina son gaskiya, ba sata ba ce. Yarinyar nan bazawara ce, Injiniya kuma saurayi, da gangan take ƙona abin don ya riƙa zuwa. Ta ce duk layin an sani, tela ma ya ce ya ga suna dariya.

Na taɓa kwana a rami da mushen jaki ina jiran ɓarayi su wuce, ban ji wari irin wanda ya fito daga bakin matar nan ba. Zanen da ke jikinta ma na gane shi, na Auta ne, ita ta ba ta. Na ce mata ni ne uban bazawarar. Tsumman ya faɗi daga hannunta cikin bokiti, ta hau cewa ita ma ji ta yi. Ban tsaya ba.

*

Da la'asar Hajiya ta buɗe min kwaɗon. Na sa ta tsaya a bakin ƙofa, na cire takalmana na shiga a hankali ta gefen bango.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya babba na katako a jikin bango, allon kwamfutar a kai, ita kuma uwar tana tsaye a wani gurbi a ƙarƙashi. Ƙaurin wuta na nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari mai nauyi, mai zaƙi-zaƙi, wanda duk wanda ya yi daji ya san shi. Hajiya ta toshe hanci da mayafi ta ce ƙila ɓera ne ya mutu. Na ce ɓera ba ya wari da yaji.

Na tsaya ban taɓa komai ba har idona ya saba. Sai na gan su. Kiyashi, layi guda siriri, sun shigo ta tsagar taga, sun gangaro ta kusurwa, sun bi gindin bango sun shige bayan tebur. Masu shiga ba komai a bakinsu, masu fitowa kowanne da ɗan farin abu. Hanyar tasu har ta yi duhu a jikin fenti, wato tsohuwar hanya ce, ba jiya aka buɗe ta ba. Na bi shanu, na bi raƙuma, na bi mutane masu bindiga, yau ga ni da furfurata ina bin kiyashi da rarrafe.

Na kwanta da ciki a gefen teburin na sa kumatuna a ƙasa, yadda haske zai zo a kwance. Ƙurar ta yi kauri, kuma a cikinta komai na rubuce. Ga inda ƙafafun Auta ke hutawa a gaban kujera, ba su taɓa wuce nan ba. Ta gefen dama kuwa, inda mutum zai zura hannu bayan kwamfutar, ga gurbin gwiwa ɗaya, babba, an sha durƙusawa a wurin har ƙasa ta yi santsi. Bayanta ga jan ƙafa, dogo, kamar an ja buhu. Ga kuma wasu tambura zagayayyu, da zobe a cikin zobe, sun yi yawa, wasu a kan wasu, duk an danna su da ƙarfi kamar mai nauyi ne ya dogara ya miƙe.

Na leƙa bayan na'urar. Abin da na gani ya ishe ni, na tashi. Na ce wa Hajiya ta tara min kowa, har da masu leƙe.

*

Aka aika aka kira Auta da Injiniya. Maiwalda ya zo yana goge hannu a riga, Inna mai shara ta raɓe a bayan ƙofa, tela da sauran 'yan layin suka cika taga da bakin shago. Manaja ya shigo ƙarshe yana jan ƙafa, aka kawo masa kujera. Na hana kowa taka gefen dama na teburin.

Na ce Injiniya ya jawo kwamfutar gaba a hankali. Da ya ja ta, wani ƙunshi ya zame daga bayanta ya faɗo ƙasa, tare da wani ɗan guntun katako. Baƙar leda ce ninki biyu, gefe ɗaya ya narke. Da ta bugi ƙasa sai ta fashe.

Ba zan ɓata wa mai karatu ci da sha ba, amma nama ne soyayye mai kitse da ya kwana ya wuni a ɗaki a rufe, kuma ba shi kaɗai ba ne a cikin ledar, ya yi baƙi masu motsi. Tela ya bar taga da gudu. Hajiya ta yi baya ta dafe bango. A jikin bangon kuwa, daidai bakin fankar, ga tabon maiƙo faɗin faranti, sabo a kan tsoho, har ya gangaro.

Injiniya ya tsuguna ya duba, ya ce ga abin da yake nema tun farko. An cusa ƙunshin tsakanin fanka da bango don iska mai zafi ta riƙa busa shi, akwatin ya rasa numfashi.

Kafin kowa ya ce wani abu Manaja ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kun gani ko? Ba sata kaɗai ba, har da ƙazanta. A nan take ɓoye abincinta."

Auta ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Na ce masa ya ara min sandar nan tasa. Ya ce ba ya ba da ita. Hajiya ta zare ta daga hannunsa ta miƙo min ba tare da ta dube shi ba. Na juya gindin na nuna wa jama'a robar, zobe a cikin zobe. Na danna ta a ƙura kusa da tamburan nan, na ɗaga. Na ce duk mai ido ya matso. Har Inna mai shara ta matso.

Manaja ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ai kowa ya san shi ke shiga ya kashe wuta in abin ya ƙone, dole a ga sandarsa. Na nuna masa makunnin wutar, yana can ɗaya bangon kusa da ƙofa, daidai ƙugun mutum. Na tambaye shi me ke kai mai ciwon ƙafa durƙuso a ƙarƙashin tebur don ya kashe abin da ke bakin ƙofa.

Na juya wurin Maiwalda na tambaye shi da wane haƙorin yake tauna naman da yake saya kullum.

Mutumin ya dubi Manaja, ya dubi abin da ke motsi a ƙasa, sai ya sauke kai ya faɗi komai. Ya ce tun da ciwon nan ya kama Manaja likita ya hana shi gishiri da mai, Hajiya kuma ta tsare dokar kamar soja. Da rana takan koma gida ta dafo masa ganye da kifi ba gishiri ta kawo, lokacin Auta ma ta tafi ɗauko yara daga makaranta, shago ya rage shi kaɗai. A nan ne Maiwalda ke miƙo masa ƙunshin, don naman matar ba ya kai la'asar. Ba ya iya ci a lokacin, saboda Hajiya in ta dawo tana shinshina bakinsa da yatsunsa, tana lalube aljihunsa da durowa. Sai ta wuce gida da yamma ta bar shi ya rufe shago, sannan ya ci. Shi kuma kitse in ya huce daskarewa yake yi. Maiwalda ya ce wallahi bai san inda ake ajiyewa ba, ya dai fara zargi, tsoro ya hana shi magana.

Hajiya ta dubi mijinta ta kira shi da sunan babban ɗansu, a hankali, ta tambaye shi ko gaskiya ne.

Ni na san yunwa. Na yi kwanaki a daji ina tauna saiwa, na san abin da kwaɗayi ke sa babba ya yi. Da ya ce eh, ya ce bai san abin da yake jawowa ba, da na tausaya masa, da ni da kaina zan roƙa masa Hajiya. Amma sai mutumin nan ya nuna guntun katakon da ke ƙasa, ya ce da muryar wanda aka zalunta:

"Ai wannan karon na sa katako na bar mata 'yar ƙofa ta sha iska. Akwatin ne ba shi da ƙwari."

Injiniya ya cire gilashinsa. Ya ce, ashe Alhaji ka ji ni ranar da na ce zafi ne.

Ya ji. Tun na biyu ya sani. Ya sani ya ci gaba, ya sani ya rantse a kan 'yata, ya zauna a kujerarsa yana kallo ana kiran uwar marayu ɓarauniya a bakin titi, duk don kar matarsa ta san yana cin nama. Na duba tsutsotsin da ke ƙasa na duba shi, su dai yunwa ce ta kawo su kuma ba su yi wa kowa ƙazafi ba.

*

Hajiya ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa a gaban Auta, a cikin warin nan, ta kama hannunta ta nemi gafara, ta ce ta dawo aiki gobe. Na zaci yarinyar za ta fashe da kuka ta ce ba komai, don haka uwarta take. Ashe jinina ya fi yawa a jikinta.

Auta ta ce za ta dawo, amma ba a ɗaki aka kira ta ɓarauniya ba. A ƙofar shago aka faɗa, a can za a janye, kuma wanda ya rantse shi zai janye.

Haka aka yi. Hajiya ta miƙa wa Manaja sandarsa, ya ja ƙafa har bakin ƙofa, ya tsaya a gaban layin gaba ɗaya, har da mai suyar nama da ta bar kaskonta ta zo, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi. Hajiya ta ce ba a ji a shagon ƙarshe ba, ya maimaita. Sannan ta ba shi tsintsiya da abin kwasa ta nuna masa ɗakin, tun da dama shara ya nema da safe.

Nan take tela ya ce shi dama bai taɓa yarda ba. Mai katin waya ya ce ai fuskar Auta ba ta ɓarayi ba ce. Inna mai shara ta matso tana cewa 'yar nan tamu mai albarka. Na sake tofar da yawu a kwata, a daidai inda na tofar da safe.

Injiniya ya saka sabon akwati, ya sa aka ɗaga kwamfutar aka ɗora a kan tebur inda kowa ke ganin bayanta. Har yau ba ta sake ko tari ba. Yaron ya san aikinsa, ba na hana shi, ido ne kawai ba a koya musu a makaranta.

A hanyarmu ta komawa Auta ta tsaya wurin mahauci. Da muka isa gida ta shiga kicin, yaran suna ta murna, ta fito da kwano ta ajiye a gabana ta buɗe. Nama ne soyayye, ta zaɓo min mai kitse don ta san shi nake so, yana ta tururi.

Ni da na ci abin da kura ta bari a shekarar fari ban yi amai ba, na dubi kwanon nan na kasa kai hannu. Na tura wa yaran shi.

"Auta," na ce, "in akwai sauran burodi, haɗa min da shayi."